Baburin Sadisu Ya Ƙara Tsawo

Ƙanena Sadisu ba ya karɓar shawara, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da bakinsa yake faɗa. Kana fara cewa "da ni ne kai" zai ɗaga maka hannu ya ce, "Dakata, kada ka ɓata yawunka. Ko mai kyau ce ba ɗauka zan yi ba." Muna yara, in Inna tana so ya sa takalmi sai ta ce masa ya fita haka nan. Da ya yi wayo ya gano dabarar, shi ke nan aka rasa ta inda za a ɓullo masa, har yau da ya haura sittin.

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne na shida, kuma ni na goya shi. Ba shi da nauyi a lokacin, bai kuma ƙara wani tsawon kirki ba daga baya. Gajere ne sosai, irin wanda tela kan fitar wa riga da wando a yadin da wani zai yi riga kaɗai. Tun rasuwar maigidana na dawo gidanmu na Fagge. Ina ɗakin farko daga zaure, shi da iyalinsa suna ciki, don haka fitarsa da shigarsa duk a kan idona suke.

Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Ba shi da shago. Shagonsa wani akwatin ƙarfe ne da yake ɗaurewa a bayan babur. Da safe zai bi lungunan Fagge inda teloli suke jere, ya leƙa masu ɗinkin da ke bayan Kantin Kwari, ya ratsa ta Bata ya faɗa Sabon Gari wajen masu ɗinkin mata da kayan 'yan makaranta. Ba sai an kira shi ba. Zai tsaya a ƙofar shago ya saurari kukan keke, ya ce wa mai shi bel ya saki ko allura ta karkace, ya gyara, ya sha shayi, ya zazzage labarin shagon da ya baro, ya kwashi na nan ya yi gaba. Rabin aikin gyara ne, rabi yawo da surutu. In ya kwana biyu bai fita ba, sai ya fara neman matarsa da faɗa a kan gishirin miya.

Baburin ya girmi 'ya'yansa duka. Ɗan ƙarami ne na zamanin da, mai ƙasa-ƙasa, shi ya sa suka dace da juna. Injinsa lafiya lau, domin abokinsa Zakka, wani bakanike mutumin Wusasa mai gareji a Sabon Gari, ya san shi ciki da waje. Gaban baburin ne ya mutu. Ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda makanikai ke ce wa shokozoba, sun daina lotsawa, sai tsiyayar baƙin mai. Wuyan yana rawa. Birkin gaba kuwa ado ne kawai. Zakka ya yi shekaru yana gaya masa gaban nan ya gama aiki, amma da yake shawara ce, a gareji take kwana.

Daminar bara ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe a kusa da Bata. Kan baburin ya ƙwace masa, ya zube a gaban masu sayar da takalma, akwatin ya buɗe, allurai da ƙananan notuna suka watse a taɓo. Bai karye ba, gwiwa ce da gefen hannu suka ɗaye. 'Yarsa Raudha ma'aikaciyar jinya ce, ita ta wanke ciwon, kuma tana cikin wankewa ta zare makullin baburin daga aljihun rigarsa. Ta san ba za ta iya hana ubanta in ya tambaya ba, sai ta kawo min.

"Gwaggo, ke kaɗai yake jin nauyi. Don Allah kada ki ba shi."

Na ƙulle makullin a bakin zanena. Can sai ga shi yana ɗingishi.

"Yaya, yarinyar nan ta yi min sata."

"Kayan satar yana wurina. Ba za ka sake hawan abin nan ba sai ya zama abin hawa. In bai gyaru ba, ka yi sallama da yawo, teloli su riƙa kawo maka kekunansu zaure."

"Shawara ce wannan?"

"A'a, hukunci ne."

Ya gwada shiga A Daidaita Sahu, abin bai yi tsawon rai ba. Ba sa shiga lungu, shi kuma ba ya iya zama a baya bai koya wa direba hanya ba. Wani ya taɓa sauke shi a tsakiyar titi ya ce, "Baba, tunda ka fi ni sani, ƙarasa da ƙafarka." Daga nan ya koma zaman zaure. Teloli kaɗan ne suka ɗauko masa keke a ka, sauran suka fara kiran wani mai gyaran. Ya rame. Faɗan gishirin ma ya daina, wanda shi ne ya fi tayar wa matarsa hankali. Ni ba mai yawan tausayi ba ce, amma ina da ido. Na ga in aka raba mutumin nan da titi, an gama da shi. Duk da haka ban kwance bakin zanen ba, domin gara min ramammen ƙane da karyayye.

Da gwiwar ta warke ya shiga neman kayan gyara. Ya zagaye layin masu kayan babur a Sabon Gari kaf, bai samu irin nasa ba. A ƙarshe ya je shagon Ebuka, wanda a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta jikokina. Ba na wurin, Zakka ne ya ba ni labarin daga baya, domin tare suka je.

Ebuka ya ce, "Baba, irin wannan gaban ko a gidan tarihi sai an yi bincike. Tun ina yaron shago rabona da ganinsa."

Sadisu bai ma saurare shi ba. Idonsa na kan wani abu da ke rataye a bango: gaban wani babban babur na zamani da mota ta daka ta baya. Bayan ya tashi aiki, amma gaban ko ƙwarzane babu. Ƙafafu, taya, fitila, birki, komai yana sheƙi.

Nan sana'arsa ta yaudare shi. A wajen masu gyaran keken ɗinki, ba wani abu ba ne a cire kan wannan keken a ɗora a teburin wancan. In ramin bai yi daidai ba a ɗan fafe katako, a sauya bel, shi ke nan ɗinki ya ci gaba. Sadisu ya yi haka ba adadi. A ganinsa babur ma keke ne da ya samu taya.

Zakka ya auna ƙafafun da hannu ya ce, "Injiniya, keken ɗinki a ɗaki yake zaune, ba ya zuwa ko'ina. Waɗannan sun fi naka tsawo da tafin hannu guda, tayar ma ta fi girma. Hawa kam zai hau baburinka, zan sa mai walda ya daidaita wuyan. Amma ka bari in zura ƙafafun sama kaɗan, in rage katifar kujera, ya dawo daidai kai."

"Daidai ni? Me kake nufi da daidai ni?"

"Ka san abin da nake nufi. Ai tare muke tsayawa a hoto."

"Ka ɗaura shi yadda masu shi suka ƙera shi. Ko ɗigo kada ka rage."

Zakka ya san abokinsa. Ya ɗauki sifana ya kama aiki.

Ranar gwaji muka tafi garejin ni da Raudha, makulli na bakin zanena. Muka tarar da baburin a kafe, makanikan layin sun kewaye shi. Baya tsoho, gaba yaro, ya ɗaga kai sama kamar raƙumi zai miƙe. Fitilar tana kallon rufin kwano. Sadisu ya sha farar shadda yana zagaya shi, hannu a baya.

"Yaya, kin ga abu? Wa zai ce ba jiya aka sauko da shi daga jirgi ba?"

"Wanda ya kalli bayansa."

Na miƙa masa makulli. A bakin garejin akwai wani dakali na siminti, ta kansa ya taka ya hau, Zakka yana riƙe masa da baburin. Ya tayar, ya saki kuloci, ya tafi. Gaskiya a faɗe ta, tafiyar ta yi kyau. Ya bi ta kan ramukan layin kamar yana kan katifa, kan baburin ko girgiza babu. Ya je ƙarshen layi ya juyo, makanikai suna tafi. Da ya zo daidai mu ya rage gudu, ya sauke ƙafafu biyu. Ƙafafun suka tsaya a iska suna lilo. Sai ya mayar da su, ya murɗa totur, ya wuce yana ɗaga mana hannu.

Ya sake zagayowa, ya sake wucewa, wannan karon har da murmushi. A zagaye na gaba ya ƙwalla mana, "Birki nake gwadawa!"

Raudha ta ce, "Abba, ai mai gwada birki tsayawa yake yi!"

Zakka ya durƙusa ya riƙe ciki don dariya, hawaye na zuba, ya kasa magana sai nuna ƙafafun yake yi. Wani bakanike ya tambaya ko man da ke tankin yana da yawa, don a san lokacin da za a tare shi. Can dai Sadisu ya tuna da dakalin da ya hau ta kansa. Ya raɓo shi a hankali, ya ɗora ƙafar dama a kai, ya matse sabon birki, baburin ya tsaya cak. Shaddar ta jiƙe sharkaf.

Na zare makullin kafin ya sauko.

"Sadisu, ƙafarka ba ta kai ƙasa."

"Ta kai. Titin nan ne ya lotsa."

Zakka ya share ido ya ce aikin ragewa ba zai kai la'asar ba, kuma kyauta zai yi. Sadisu ya ɗaga masa hannu. Ni kuma na ce bari in gwada tsohuwar hanya.

"Ni dai kada ka kuskura ka bari a rage shi. Ya fi kyau a haka."

"Yaya, dabarar Inna ce wannan. Tun ina firamare na haddace ta."

To, na gindaya masa sharaɗi a gaban kowa. Zan bi shi zagaye guda cikakke, daga Fagge har shago na ƙarshe a Sabon Gari. Duk inda zai tsaya, sau ɗaya zai tsaya: babu wucewa a dawo, babu mai riƙe shi ko baburin. In ya faɗi ko ya kasa, makulli ya zama na Raudha har abada, shi kuma zaure. Ya ce ya ji, amma a ba shi lokaci ya shirya.

Shirin nasa iri biyu ne. Da farko ya bi hanyar tasa kaf da ƙafa, kansa a sunkuye, yana nazarin kowane dakali, kowane bakin kwata, kowane dutse da ke ƙofar shago. Mutane suka yi ta tambayarsa me ya ɓace masa. Sannan ya kai takalmansa wajen mai gyaran takalma na bakin layinmu, aka liƙa musu robar taya hawa-hawa har suka yi tudu. Tafiyarsa ta koma kamar ta mai ratsa taɓo. Amfani ɗaya dai ya samu nan take: a masallaci ba ya ƙara neman takalminsa, daga nesa ake hango su.

Ranar zagayen Raudha tana wurin aiki, ni kaɗai na shiga A Daidaita Sahu na ce wa direban ya bi wancan dattijon mai baburi biyu a haɗe. Fagge ba ta ba shi wahala ba, kusan kowane gida da dakalinsa. Yana raɓawa ya taka, ya sauko, teloli su fito da ihu, "Injiniya ya dawo! Kai, an yi wa tsohuwa sababbin ƙafafu!" A bayan Kwari ya taka wata dilar atamfa da aka sauke a bakin hanya, mai ita ya taso da masifa, da ya ga ko wane ne sai ya ce ya taka a hankali. A cunkoson Bata ne gabana ya faɗi. Motoci suka tsaya cik, babu dakali babu komai. Sai na ga ya zame gefe guda a kujera, ya miƙa ƙafa, bakin takalmin nan mai tudu ya taɓa kwalta da ƙyar. Haka ya tsaya kamar zakara a kan ƙafa ɗaya har hanya ta buɗe. Direbana ya ce, "Hajiya, wallahi Baban nan ɗan wasa ne."

Shago na ƙarshe na Martina ne, wata 'yar Kaduna mai ɗinka kayan amare da na mawaƙan coci. Lokacin da Sadisu ya yi zagayensa na ƙafa akwai wani kututture a ƙofarta, a kansa ya dogara. Ashe a tsakani ta sa an cire shi, an shafe wurin da siminti sumul. Ya iso, ya duba, babu abin takawa. Wucewa kuma ta haramta. Ya matse birki ya tsaya a kan bakin takalmi. Tsayuwar ta yiwu, sauka ce ba ta yiwuwa, domin akwatin ƙarfen na bayansa, sai ya kafa ƙafa sosai kafin ya iya ɗaga ɗayar ya tsallake. Baburin ya fara karkata, nauyin duk a kan gwiwar da ta ji ciwo.

Na sauko na tsaya a gefe, na harɗe hannu.

Martina ta leƙo da tef a wuya. "Baba Sadisu! Oyoyo! Sauko mana, keken nan ya kusa kashe ni."

"Ina zuwa. Iska nake sha."

"A ranar nan?"

Ta kalli fuskarsa, ta kalli ƙafar, ta kalle ni. Mace ce mai saurin ganewa. Akwai wani akwatin katako na lemo a bakin ƙofa da take zama a kai in tana cin abinci. Ba ta ko sunkuya ba, ta sa ƙafa ta turo shi, ya zo ya tsaya a gefen tayar. Sadisu ya ɗora ƙafa a kai, ya tsallako, ya kafe baburin, ya gyara hula kamar wanda ya sauko daga mota mai tuta.

Na je na zare makulli. "Wannan taimako ne."

"Wa ya riƙe ni? Ke kika ce kada a riƙe ni. Martina, kin taɓa ni?"

"Ni? Shara nake yi, akwatin ya tare min hanya." Sai ta juyo wurina. "Mama, don Allah ki bar mana shi. Wanda yake zuwa tun da Baba ya daina, zai gyara keke ya tafi ko uffan, kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa. Ban san wa ya yi aure a Fagge ba, ban san wa ya haihu ba."

Na tsaya ina juya makullin. Abin da na gani a ranar shi ne, baburin yana tsayawa in an ce ya tsaya, kan ba ya rawa, wanda rabonsa da haka an daɗe. Mai shi kuma ya ci tuwon rana a shago biyu, ya yi surutun da bai yi ba tun damina. Matsalar ba a hanya take ba, a wurin sauka take. Na ce masa duk shagon da ba shi da wurin taka ƙafa tabbatacce, wanda ba a ɗaukewa, ya fita daga zagayensa. Ran da na ji an ce an gan shi yana lilo a ƙofar wani, makulli ya dawo bakin zane. Na danƙa masa. Da na gaya wa Raudha a waya ta ce, "Gwaggo, kin sayar da ni," na ce ta zo ta riƙe shi a zaure da kanta in za ta iya.

Kafin ya taɓa keken Martina ya zauna a kan akwatin lemon ya ciro waya. Teloli suna da zauren ƙungiya a waya, na Fagge da na Sabon Gari duk yana ciki, don can ake cigiyarsa. Ya ce saƙon murya zai tura. Na ce to ya fara da "don Allah", tunda nema yake yi. Ya ce da ma da ita ya yi niyyar farawa, amma tunda na faɗa ya fasa. Ya yi gyaran murya ya danna.

"Salamu alaikum, jama'ar allura da zare. Sadisu ne mai gyaran keke. Na dawo aiki. Ina roƙon arziki, kowa ya ajiye min bulo guda a ƙofar shagonsa, ta hannun dama in an fito daga Bata. A kwance za a sa shi, ba a tsaye ba, a ɗan binne gindinsa kada ya yi rawa. Kada a zauna a kai, kada a ɗora buta, kada a ara wa mai shayi. In kun ji ƙarar baburina, wanda ya ajiye mashin a wurin ya janye. Wanda kuma Allah ya hore wa siminti, ya shafe min saman, amma kada ya yi santsi."